Haruffa Biyu da Ganuwar Bakin Kogi

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Alhamis na ja layi da bik, biron rubutunmu, a kan haruffa biyu, kuma daga wannan lokacin al'amura suka fara karkacewa a gidanmu ba tare da kowa ya sani ba, har ni da na ja layin. Na riƙe lokacin ne domin mushe, malamin ajinmu, ya riga ya buga ƙarfen shan iska, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin aduwa. Muna tsakar filin lakwal, makarantar bokonmu, sai ga gwaggona tana haki, ta ce takarda ta zo daga wajen mahaifina, in zo in karanta. Mushe ya dubi agogon hannunsa ya ce goma da kwata, in je in dawo. Ban jira mun isa gida ba. A bayan aji na karɓi takardar na buɗe, saboda ina jin kunyar in yi tuntuɓe da karatu a gaban manya.

Maƙwabciyata ce ta tuno mini da wannan safiya. Jiya da hantsi na ji ta ta bayan katanga tana faɗa da mijinta a kan takin da za a kai gona, shi kuwa yana can bakin teku, tafiyar kwana uku a mota. Tana ganin fuskarsa a waya, har tana ce masa ya rame, ya rage gemun nan. Da suka gama ta koma wankinta kamar ba a yi komai ba. Na daɗe zaune ina tunanin yadda nisa ya mutu a hannun yaran yanzu. A zamaninmu in mutum ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya ɓace bayan dutse, to ya shiga hannun Allah da na masu dawowa. Labarinsa yakan zo a bakin wani da ya ji daga wani, ko a takarda wadda ta yi wata biyu tana yawo daga aljihu zuwa aljihu. Kuma takardar ba ta magana da kanta, sai an nemo ɗan lakwal ya ara mata baki. A unguwarmu, cikin wani ƙauye na ƙasar Buza, ni ce wannan bakin, ina da shekara goma sha biyu.

Mahaifina mahauci ne. Shekarar da ruwa ya ƙi, dabbobi suka zube a hanyar rijiya har ungulu ta ƙoshi, babu abin yankawa babu mai saye, sai ya ɗaura wuƙaƙensa cikin fata ya tafi tare da amininsa, wani mahauci ɗan Deule. Sun nufi Senegal, inda aka ce ana son balangun mutanenmu. Daga baya wani ya dawo ya ce sun ƙara gaba kudu, sun shiga ƙasar da Turawan Fotugal ke riƙe da ita, inda ake yaƙi. Daga nan shiru, shekara guda da rabi. Gidanmu kuwa gida ne da ba a kama sunan abin da ya fi nauyi a zuciya. Mahaifina ɗan fari ne, don haka kakata ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan. Innata ba ta faɗin sunan miji, ni ma ɗiyar fari ce, ba ta faɗin nawa. Ana son juna ƙwarai, amma kewaya magana ake yi kamar yadda hanya ke kewaya rumbu. Da asuba ƙarar taɓarya ke tashe ni, da kukan jakai masu zuwa rijiyar kwari, da tarin kaka tana hura wuta. Duk cikin waɗannan babu mai ambatonsa, kuma duk shi ake saurare.

Takardar layi huɗu ce, da wani faransanci gurgu, an rubuta ta da sunana domin an san ni ke karatu. Ni kuwa ba ni da baki a aji, ba na wasan gaɗa, amma a dikte, wato shifta, babu mai kama ƙafata. Kafin in fahimci abin da ake faɗa idona ya riga ya fara tsintar kurakurai, na ƙirga goma sha ɗaya. Layin tsakiya ya ce: ton père est au fort. Kalmar fort na san ta tun ina aji biyu, ma'anarta mai ƙarfi. Amma wannan au da aka sa a gabanta ba shi da wurin zama a jimlar da na sani. Sai na ɗauke shi kuskure na goma sha biyu, na soke shi da layi ɗaya miƙaƙƙe, kamar yadda mushe ke yi mana. Abin da ya rage ya zama tsaf: ubanki yana da ƙarfi. Layin ƙarshe ya ce a yi masa addu'a, a ƙasa kuma sunan aminin nasa. Babu adireshin da za a mayar da amsa.

Na tarar da kaka a gindin babban rumbu tana kaɗi, baffana, ƙanen mahaifina, yana tsugune kusa da ita. Inna tana bakin turmi ta juya mana baya, kamar abin bai shafe ta ba, sai dai dakan ya yi sanyi.

"To, malama mai gajeren wuya, mi anka ce?" in ji kaka. Haka take tsokanata kullum, domin ba na ɗaga kai.

"An ce ana gaishe ku. An ce Baba shina nan da ƙarhinai."

"Sake hwaɗi. Kunnen tsohuwa ne."

"Shina da ƙarhi, Kaka. An ce a yi mashi addu'a."

"Addu'a kullum muna yi, ba sai an rubuto da harshen Nasara ba." Ta murza mazari a cinyarta, ya yi ta juyawa. "Mai ƙarhin da bai san hanyar gida ba. In kin samu mai tahiya, ki ce ma wancan tsohuwar da ya bari ta ƙi mutuwa."

Babu wanda ya yi guɗa. Amma na ji taɓaryar Inna ta koma sauri, har ta jefa ta sama ta tafa hannu sau biyu kafin ta cafe, abin da ba ta yi ba tun ranar da ya tafi. Baffa kuwa ya riga ya shirya zai bi sawun yayansa da zarar an ɗaure gero. Ya je Buza an yi masa takardar shaida, an ɗinka masa jakar fata. A ranar ya rataye jakar a ƙusa ya ce tun da yayan nasa lafiya lau yake, gara ya tsaya ya riƙe gonaki biyu. Kaka ta naɗe takardar cikin tsumma ta sa a ƙasan ƙwaryar da take ajiye auduga. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi labari, amsarta ɗaya ce: yana da ƙarfi, takarda ta faɗa, malamarmu ta karanta.

Shekara biyu bayan haka na ci jarrabawa aka tura ni kwalej a Madawa, ina zaune gidan wata ƴar uwar Inna. Wata rana malamin tarihi yana ba mu labarin cinikin bayi ta teku, sai ya miƙo wani littafi ya ce a zagaya da shi benci benci. Da ya iso gabana na ga hoton wani gini mai kaurin bango, ruwa na dukan gindinsa, bakunan igwa sun leƙo ta sama. A ƙasan hoton an rubuta: un fort portugais. Na karanta sau uku. Kalmar nan tawa ce, amma ga ta zaune a matsayin sunan abu. Da aka tashi na je ɗakin littattafai na buɗe ƙamus, na tarar kalmar tana da ma'ana ta biyu a ƙasan wadda na sani: ganuwar soja, gidan yaƙi. Na tuna haruffa biyun da na soke. Mai rubutun ya yi kuskure goma sha ɗaya, amma wannan ba ya cikinsu. Cewa ya yi ubana yana ganuwa. Na zauna a ƙasan siminti, ƙamus a cinyata, ina jin ƴan ajinmu a waje suna cinikin ɗanwake. Manya na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ni ɗan sanin da na yi ne ya rufe mini ido.

Ban gaya wa kowa ba. Abin da na iya shi na yi: na sayi kaye, littafin rubutu mai shafi ɗari, na fara tara duk abin da aka rubuta a kan ganuwoyin Fotugal. Na koyi cewa da jiragen ruwa suka zo, suka fara ginawa a tsibirai da bakunan koguna, daga baya suka bi kogunan ciki suna kafa ƙanana. Na rubuta sunayensu da na ruwan da kowacce ke tsaro: ta Kashew a bakin koginta, ta Bisau, waɗanda suka jeru a kan kogin Kwanza can Angola, da babbar da ke tsibirin Mozambik. Na zana su da rula, bango da bango, da kusurwoyinsu masu tsini kamar kan kibiya. Na san inda ake tara ruwan sama a ciki, da inda ƙaramin cocinsu yake, da ɗakunan ƙasa marasa taga inda ake ajiye mutanen da aka saya har jirgi ya zo. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kwarinmu bayan an yi ruwan sama ba, na wayi gari na san bakin tekun da ban taka ba fiye da hanyar kasuwar Bangi. In na je hutu na dubi rumbunanmu na laka, masu ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, sai in ga su ma babu taga. Mu hatsi muke rufewa don kada mutum ya mutu, can kuwa mutum aka rufe. A kowane zane nakan sa ɗigo guda a ɗakin ƙasa. Ban taɓa rubuta ko wane ne ɗigon ba.

Mako guda na yi ina shirya tambaya ɗaya kafin in iya tsayar da malamin tarihi a bakin aji.

"Mushe, har yanzu ana tsare mutane a cikinsu?"

"Cinikin bayi ya daɗe da ƙarewa," in ji shi. "Amma lokacin yaƙi soja ba ya ƙyale bango mai kauri, kuma baƙon da ba shi da takarda ko'ina ana iya jefa shi. Yanzu dai an gama yaƙin, Turawan sun tafi. Me ya sa kike tambaya?"

Na ce babu komai. Na koma da lissafina: in an gama yaƙi an buɗe ƙofofi, wanda ke da rai ai ya fito. Kuma da baffa ya tafi a kakar waccan shekarar, wataƙila da ya tarar da shi, ya nemo mai tsaya masa. Wannan tunanin na kwana da shi na tashi da shi shekara da shekaru.

A hutun damina na uku na faɗa wa Inna. Kafin lokacin yayyenta sun zo sau biyu suna so su kai maganarta gaban alƙali a raba auren, tana da sauran ƙuruciya, ta ƙi. Ta ce ba a yi wa mai rai haka, takarda ta ce yana nan. Muna hawowa daga rijiya ne, tuluna a kanmu, ita a gaba ni a baya, kuma don ba ta ganin fuskata ne na samu baki. Na yi mata bayanin kalmar da ma'anarta biyu, da haruffan da na soke. Ba ta tsaya ba, ba ta waiwayo ba. Sai da muka wuce gonar liman ta yi magana.

"Wanga karon kin tabbata?"

"Ban tabbata da komi ba, Inna."

"To ki rufe bakinki har tsohuwa ta cika kwananta. Da waccan magana take tashi da sahe."

Baffa kaɗai muka faɗa wa. Na buɗe masa kayen a bayan rumbu, ya yi ta juya shafuka da yatsunsa masu kaushi, yana kallon zane bayan zane. Daga ƙarshe ya ce, "Wacce daga ciki?" Na ce ban sani ba. Ya rufe ya miƙo mini, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kaka ta ƙara shekara huɗu. Har ranar da ta cika, in an ba ta fura takan rage kaɗan a ƙwarya ta ce ko wancan mai ƙarfi zai shigo da yunwa. Da aka raba kayanta na ɗauki takardar daga ƙasan auduga. Inna kuwa ta zauna yadda take, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, furfura ta fara fito mata a gefen kallabi.

Na zama madam, wato malama, aka tura ni wata lakwal kusa da Keita, bayan yunwa ta biyu, lokacin da mata ke ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a jikin tuddai don su tare ruwa. A cikinsu ne wata ƴar Deule, uwar ɗalibata, ta ce mini a cikin hira wani mahaucinsu da aka cire rai da shi ya dawo bayan shekara goma sha biyu, kansa fari fat, yana jan ƙafa. Ranar kasuwa na hau kamyo zuwa Deule da takardar da kayen a cikin jaka.

Na same shi bayan azahar a ƙarƙashin rumfa yana feƙe tsinken tsire. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗiyar wane ce ni. Ya ajiye wuƙar a hankali.

"Ke ce ƴar lakwal ɗin. Goshinai ne wanga, ba tambaya. Kwana goma ina cewa gobe zan tahi garinku, ƙahwa ta hana, kunya ta hana. Zauna, ɗiyata."

Aka kawo ruwa na sha. Ban san ta inda zan fara ba, sai na buɗe kayen na ajiye a gabansa. Ya matso da shi kusa da ido yana juyawa. Manyan ya wuce su da sauri. A kan wata ƙarama mai kusurwa huɗu ya tsaya, ya ɗora yatsa.

"Kamar wagga take. Wa ya kai ki can?"

"Littahi, Baba."

"Littahi bai gaya maki warin wurin ba." Ya ɗan yi murmushi. "Kogi ne mai gishiri, ruwan ya tahi ya dawo sau biyu a yini, itatuwa tsaye da ƙahwahu cikin laka. Ganuwar ba ta kai yadda kike zato ba, ba ta hi garke biyu ba. Awaki na hawa kanta. Ga inuwar bangonta munka kahwa tukuba, nan ga wanga gehe, masunta na saye, soja na saye. Ubanki har ya koyi zagi da harshensu, in sun ce naman ya yi yaji."

Na dubi ɗigon da na sa a ɗakin ƙasa shekara takwas da suka wuce. Na ce, "Wata nawa sunka tsare shi a ciki?"

"A ciki? Wa ya ce an tsare shi?"

Na fito da takardar na shimfiɗa a kan tabarma. Ta yi ja, ta kusa rabuwa a wajen ninki, amma layin bik ɗina yana nan shuɗi. Na gaya masa abin da aka rubuta, da abin da na karanta wa kaka, da abin da na gano a Madawa, da jakar baffa da ke rataye a ƙusa har yau. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban namiji babba ba. Yana saurare, bakinsa yana motsi kamar mai tasbihi.

"Kina nuhin ba a yi zaman makoki ba," in ji shi. "Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba."

"Ba a yi ba."

Ya yi salati a hankali, ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya sauke sai ya ba ni labarin. Zazzaɓi ne ya kama mahaifina a tsakiyar damina, kwana shida ya yi, ya cika a hannunsa a ɗakin da suke haya. Ƴan musulmin garin suka taimaka aka yi masa wanka da salla, aka rufe shi a wani fili bayan ganuwar. Aminin kuwa bai iya rubutu ba. Sai ga wani Bafillace ɗan tireda ya sauka daga jirgin ruwa zai wuce Senegal, yana jin Hausar kasuwa kaɗan, faransanci kaɗan. A bakin kogi, a tsaye, ya roƙe shi ya rubuta takarda ya jefa masa ita a gidan waya in ya haye.

"Na ce mashi, rubuta ma ɗiyar abokina, ubanta ya tahi gidan gaskiya. Ya ɗaga kai ya ce, wane gida? Hausarsa ba ta kai nan ba. Ni kuwa na buɗe baki kalmar ta ƙi hita. Sai na miƙa hannu wajen da munka rufe shi. Shi abin da ya gani a ƙarshen hannuna ganuwa ce."

Wata akuya ta shigo rumfar tana shinshinar tsinkayen, babu wanda ya kore ta. Na naɗe takardar yadda kaka ke naɗe ta. Tambaya ɗaya ta rage mini, wadda na hau kamyo dominta, na yi ta idona a kan tabarma.

"Baba, da na karanta daidai, da baffa ya tahi a kakar waccan shekarar, da ya tarar da shi?"

"Kwana uku da rufe shi na tsaya gaban mai rubutun nan, ɗiyata. Ko tsuntsu baffanki ya hau, ƙasa zai tarar. Ke haruhwa biyu kinka share, ni kalma guda na haɗiye, kuma tawa ta riga taki. Tashi ki tahi tun rana ba ta yi sanyi ba, ki ce ma uwarki ta shimhiɗa tabarma a karɓi gaisuwa, gobe ina zuwa ko da rarrahe ne. Kuma kada ki kewaya mata kamar yadda na yi. Ki ce mata ya rasu."